Ƙarfen Madatsar Orlina

Madatsar Orlina, Kamenik
3 ga Maris

Zuwa ga Masu Girma wakilan Kwamitin Haɗin Gwiwa na Ma'aikatar Makamashi da Ma'aikatar Harkokin Waje, ta hannun Sakatariya, Madam Bilyana Ruseva.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwar ladabi da biyayya wadda ta dace da matsayinku, ni ne Milcho Gavazov, mai kula da ƙofar ruwa ta madatsar Orlina shekara talatin da ɗaya, ba a taɓa ba ni takardar gargaɗi ba. Ina sanar da ku cewa da hannuna nake rubuta wannan wasiƙa. Na koyi rubutu cikin shekara biyun nan a wajen Malama Paraskeva, tsohuwar malamar makarantar ƙauyenmu, ina ɗan shekara hamsin da takwas, domin na ga bai dace mutumin da aka damƙa wa ruwan ƙasa ya riƙa dangwala yatsa a takarda ba.

Takardarku mai lamba 14 ta iso, na karanta ta sau huɗu. Na fahimci abu biyu. Na farko, ana cinikin wutar lantarki da maƙwabtanmu, bai kamata su san yawan ruwanmu ba kafin a daidaita, saboda haka Ma'aikatar Makamashi kaɗai ce za ta san ranar sakin ruwa. Na biyu, magana da ƙasar waje aikin Ma'aikatar Harkokin Waje ne, an hana ma'aikacin madatsa yin kowace irin sanarwa ko alama zuwa tsallake. Wannan tsari ne mai hikima, ina goyon bayansa.

Sai dai akwai wani abu da mai yiwuwa bai iso kunnenku ba. A bakin madatsa akwai guntun ƙarfen layin dogo rataye a bishiya. Tun ranar da aka gina wurin nan, kafin a buɗe ƙofa ana buga shi da guduma sau tara, uku-uku. Daga ƙasan madatsa kogin shi ne iyaka, kuma a tsallake akwai ƙauyen Yavorna. Su ma suna da nasu ƙarfen. In sun ji namu, sai su kore kowa daga mashigi, yara da dabbobi da masu wanki, sannan su amsa da bugu uku. Ba a buɗe ƙofa sai an ji amsar. Ruwa kan kai mashigin Yavorna cikin minti goma sha biyu, kuma yakan zo ne a tsaye kamar bango.

Gaskiya ta tilasta in ƙara da cewa mai amsawa a tsallake, Trayan Velinov, mijin ƙanwata Dafina ne. Yana noman wake da dankali a tsibirin tsakiyar kogi, kullum yana ƙetarawa da amalanken doki. Na faɗi wannan ne don kada a ce na ɓoye.

Tambayata ita ce: shin buga ƙarfen nan yana cikin alamun da aka hana? Na tambayi shugabana, Injiniya Velko Arnaudov, ya ce, "Milcho, ni injin na sani, ƙarfenka kuma ka tambayi masu kwat." Don haka na zo gare ku. Abin da kuka yanke shi zan bi.

Naku mai biyayya,
Milcho Gavazov
Mai Kula da Ƙofar Ruwa


Ofishin Kwamitin Haɗin Gwiwa
12 ga Maris

Zuwa ga Malam M. Gavazov,

Gaisuwa. An karanta wasiƙarka a zaman kwamiti. Wakilin Makamashi ya ce ƙarfen magana ce da ƙasar waje, don haka ba hurumin ma'aikatarsa ba ne. Wakilin Harkokin Waje ya ce kayan madatsa ne, don haka ba hurumin tasa ba ne. An ɗage maganar zuwa zama na gaba.

Kafin nan takarda mai lamba 14 tana aiki yadda take. Kada a buga ƙarfen. Za a saki ruwa ranar 9 ga Afrilu, kuma Ma'aikatar Harkokin Waje za ta sanar da maƙwabta ta ofishin jakadanci, su kuma su sanar da mutanensu. Wannan rana sirri ce.

Na gode da kulawarka. Rubutunka yana da kyau.

B. Ruseva, Sakatariya


Yavorna
20 ga Maris

Yaya Milcho,

Gaisuwa da kewa mai yawa. Yaya ƙafar taka da sanyin nan? Kana shafa man da na aiko, ko ka ajiye shi kusa da littattafanka yana koyon karatu?

Yordan direban bas ya kawo mini 'yar takardarka ta barka da shigowar bazara. Ka ga abin dariya, daga bakin ƙofata ina hango hayaƙin murhunka, amma sai takarda ta zaga kilomita talatin ta bi ta shingen iyaka kafin ta same ni. Da na buɗe na ga sunana da rubutun hannunka, sai na shige ɗakin girki don kada Trayan ya ga idona. Ban manta ba, Yaya. Kai ka bi awaki kan dutse ni na tafi makaranta da takalminka.

To amma wata magana muke ji. Yordan ya ce an hana ka buga ƙarfe. Trayan yana cin banitsa lokacin, wainar nan mai cuku, ya yi dariya har cukun ya sarƙe shi. Ya ce, "Wa zai hana Milcho buga ƙarfe? Mutumin da ranar aurenmu ma ya bar mu tsaye a coci ya tafi duba ruwa?" Na ce masa ai yanzu ka zama babban mutum, kana wasiƙa da birni. Ya ce, "To ki gaishe mini da Minista. Ki ce masa talakansa na tsallake yana nan, haƙora uku suka rage masa amma kunnensa garau. Ki ce ranar da takarda ta koyi ihu daga madatsa zuwa mashigi, ni da kaina zan sauke ƙarfena in yi garma da shi."

Shi wasa yake yi, ni ba wasa nake ba. Ƙanƙarar dutse ta fara narkewa, mun san madatsa ta cika. Sati mai zuwa zai fara kai taki tsibiri, shi da Sivka, kuma ka san goɗiyar nan ta tsufa, in ta shiga ruwa sai ta tsaya shan iska a tsakiya. In gaskiya ne an hana ka bugawa, ka rubuta mini ranar kawai. Lamba ɗaya, Yaya. Ba wanda zai gani, zan jefa takardar a murhu. Ni ba ƙasar waje ba ce, Dafina ce.

Na ba Yordan kwalbar gasasshen barkono da cuku ya kawo maka. Ka duba, in kwalbar ba ta cika ba shi ya taɓa.

Allah ya tsare mini kai.
Ƙanwarka,
Dafina


Madatsar Orlina
26 ga Maris

Zuwa ga ƙanwata Dafina,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya ke da maigidanki, barkono ya iso a cike, na gode. Ƙafa da sauƙi.

Game da roƙonki, ina so ki fahimce ni da kyau. Na san ranar. An rubuto mini ita daga birni da hatimi, an kuma ce sirri ce. A shekara talatin da ɗaya ba a taɓa ba ni amanar ƙasa a rubuce ba sai yanzu, kuma ba zan fara da cin ta ba. Ba ma'aikata ɗaya ke kan wannan al'amari ba, ma'aikatu biyu ne, da mutanen da suka yi karatu a ƙasashe. Sun tsara cewa gwamnatinmu za ta faɗa wa gwamnatinku, gwamnatinku ta faɗa wa dagacinku, shi kuma ya faɗa muku. Wannan ya fi ƙarfe tabbas, domin ƙarfe iska na iya ɗauke sautinsa, amma abin da aka rubuta yana nan a rubuce. Da ina shakka ko kaɗan, da ban yi barci ba.

Ki ce wa Trayan na ji gaisuwar da ya aiko wa Minista. Ki ce masa Minista ya amsa, kuma yana ba shi umarni ya saurari dagaci, ya daina cin banitsa yana dariya tunda haƙoran tauna sun ƙare. In an gama cinikin wutar nan zan nemi izini in zo Ista, mu zauna ƙarƙashin inabinsa in karanta masa jarida, ya ga abin da yake yi wa ba'a.

Kada ki damu. Komai yana hannun manya.

Yayanki,
Milcho Gavazov


Madatsar Orlina
7 ga Afrilu

Zuwa ga Masu Girma wakilan Kwamitin Haɗin Gwiwa, ta hannun Madam Bilyana Ruseva.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwar ladabi, wannan rahoto ne a kan abin da ya faru ranar 5 ga wata. Zan jera shi yadda ya auku, ba ƙari ba ragi.

Da ƙarfe tara da rabi na safe waya ta yi ƙara. Injiniya Arnaudov ne. Ya ce sanyi ya dawo a birane, ana buƙatar wuta, Ma'aikatar Makamashi ta matso da ranar sakin ruwa, a buɗe ƙofa da ƙarfe goma.

Na ce, "Yallaɓai, takardata ta ce tara ga wata. Yau biyar."

Ya ce, "Takardarka ta tsufa, Milcho. Sabuwa na hannuna."

Na ce, "An faɗa wa na tsallake an canza?"

Ya ce, "Wannan aikin Harkokin Waje ne. Ai suna zama a kwamiti ɗaya, ɗaki ɗaya, suna shan kofi ɗaya. Kana tsammani ba su sani ba? Ƙarfe goma, don Allah, kada ka sa a kira ni daga birni."

Saura minti biyar na fita na tsaya gaban ƙarfen. Ina so a rubuta wannan a inda ake rubuta irinsa: na ɗauki gudumar. Tana hannuna. Rana ta fito, iska a kwance take, da na buga har kajin Yavorna sai sun ji. Sai na tuna takarda mai lamba 14, da amsarku ta 12 ga Maris, da hatimin da ke kansu. Na ce a raina, wane ne ni da zan fi ma'aikatu biyu sani? Na mayar da gudumar mazauninta. Da ƙarfe goma daidai na buɗe ƙofa, na rubuta lokacin a littafin aiki da rubutu mai tsabta.

Daga madatsa ba a ganin mashigi, dutse ya kare shi. Da ƙarfe goma da kwata na ji ƙarfen tsallake. Ba bugu uku ba ne. Bugu ne ba lissafi, ba tsayawa, irin na wanda bai taɓa riƙe gudumar ba. Na rufe ƙofa ba tare da umarnin kowa ba, amma ruwan da ya riga ya fita ba ya komowa.

Abin da na samu daga baya ta bakin Yordan Petkov direban bas shi ne: Trayan Velinov yana tsakiyar mashigi da amalanken taki. Matan da ke shanya a gaɓa sun ce da ya ga ruwan ya yi tsalle, kuma da ya gudu da ya kai. Sai ya juya ya koma kwance goɗiyarsa. An samu gawarsa da yamma kilomita biyu a ƙasa, wuƙar da ya zaro don yanke igiyar amalanken tana hannunsa. Shekararsa sittin da ɗaya. Mai buga ƙarfen matarsa ce.

Dagacin Yavorna ya ce babu takardar da ta taɓa zo masa, ta biyar ga wata ko ta tara.

Ba ƙorafi nake yi ba, ban kai matsayin haka ba. Roƙona shi ne a sanar da ni inda takardar ta tsaya, domin na yi wa ƙanwata alkawari a rubuce cewa za ta iso.

Naku mai biyayya,
Milcho Gavazov


Ofishin Kwamitin Haɗin Gwiwa
22 ga Afrilu

Zuwa ga Malam M. Gavazov,

Gaisuwa da ta'aziyya. Kwamiti ya duba rahotonka, ya kuma tabbatar cewa ka bi umarni yadda aka ba ka. Ba ka da laifi. An sa takardar yabo a fayil ɗinka. Maganar ƙarfen tana nan a jerin abubuwan zama na gaba, kuma kafin nan takarda mai lamba 14 tana aiki. Sakin ruwa na gaba ranar 16 ga Mayu ne, ƙarfe goma.

Wannan shi ne abin da aka ce in rubuta. Abin da ke biye nawa ne, ba shi cikin kwafin ofis.

Ka tambayi inda takardar ta tsaya. Sanarwar tana buƙatar sa hannu biyu. Harkokin Waje sun sa nasu ranar 28 ga Maris, suka aika wa Makamashi. Makamashi suka bar ta ba su sa hannu ba, domin suna tunanin canza ranar. Da suka canza, suka ɗauka tsohuwar ta riga ta tafi. Su kuma Harkokin Waje suna jiran ta dawo. Ranar 5 ga wata tana kan teburina, a cikin tire, tsakanin ofis biyu da ke kallon juna. Na gan ta da safen ranar. Na ce bari in jira a tambaye ni.

Tun ranar ina karanta wasiƙarka ta farko. Ka faɗa mana komai, har minti goma sha biyun.

Bilyana Ruseva


Yavorna
2 ga Mayu

Yaya,

Gaisuwa. Wasiƙunka huɗu sun iso. Na buɗe ta ƙarshe, sauran suna kan taga.

Mun binne shi kusa da babansa. Mutanen Kamenik sun tsaya a gaɓarku sun cire huluna, na gan su. Kai ban gan ka ba, kuma gara da ban gan ka ba.

Ka rubuta cewa an wanke ka, har an yaba maka. To madalla. Ka sa a gilashi ka rataye.

Da safen ranar da abin ya faru, yana ɗaura wa Sivka linzami na ce masa ya bari sai mun ji daga dagaci. Ya ce, "Ke dai ba ki san yayanki ba. Ko Shugaban Ƙasa ne ya tsaya a kansa da bindiga, Milcho ba zai buɗe ruwa a kaina bai buga ba. Takardun nan duk don ya burge ki ne." Ya tafi yana fito. Ba dagaci yake jira ba, Yaya. Bai taɓa jiran dagaci ba.

Ranar 14 ga wata za mu yi addu'ar arba'in. Zan dafa alkama in raba. Kada ka nemi izinin zuwa.

Ka tambayi wa zai riƙa amsawa yanzu. Babu. Ƙarfen yana nan a rataye don ba ni da ƙarfin sauke shi. Wake kuma ya tsiro a tsibiri, matan gari na cewa za su taya ni cire ciyawa, yaransu na bin su. Na faɗa maka ne don ka sani, ba roƙo nake ba. Na yi roƙo sau ɗaya.

Allah ya ba ka lafiyar ƙafa.
Dafina


Madatsar Orlina
16 ga Mayu

Zuwa ga Masu Girma wakilan Kwamitin Haɗin Gwiwa.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwar ladabi, ina sanar da ku cewa yau, saura minti goma ƙarfe goma, na saɓa wa takarda mai lamba 14 da sanina, cikin hankalina. Na buga ƙarfen sau tara, uku-uku. Na gayyaci shaidu tun jiya domin kada a ce kuskure ne ko tsufa.

Ƙarfe goma ta yi ba amsa. Injiniya ya ce, "Milcho, lokaci." Na ce, "Yallaɓai, ba a buɗewa sai an amsa. Ga makulli, in kana so ka buɗe da hannunka." Ya dubi makullin, ya sa hannayensa a aljihu. Waya ta yi ƙara sau uku a ofis, ba wanda ya ɗaga. Muka tsaya minti ashirin da shida.

Sannan aka amsa. Bugu uku, a hankali, na ukun ya yi rauni. Na buɗe ƙofa.

Haka zan yi duk ranar da aka ce in saki ruwa, har ku aiko wanda zai karɓi makullin. Takardar yabonku tana cikin wannan ambulan, na mayar.

Waɗanda suka gani da idonsu, kuma suka sa hannu a ƙasa, su ne: Injiniya Velko Arnaudov, shugaban madatsa, Fada Serafim, limamin cocin Kamenik, Malama Paraskeva Ilieva, wadda ta koya mini rubutu, da Yordan Petkov, direban bas.

Akwai shaida ta biyar, Dafina Velinova ta Yavorna. Ba ta sa hannu ba. Tana tsallake, kuma ba ta magana da ni. Amma na san hannunta a bugun nan.

Milcho Gavazov
Mai Kula da Ƙofar Ruwa